Mutum baƙo ne a daji ko ɗan gida? Gardamar da marubutan Amurka suka bari ba su gama ba

Ranar 4 ga Yuli 1845 wani matashi ɗan shekara 27 mai suna Henry David Thoreau ya kwashi ƴan komatsansa ya tare a wani ɗan ɗaki da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, kusa da garin Concord a jihar Massachusetts ta Amurka. Ɗakin ya ci masa dala 28 da ɗoriya, shi da kansa ya rubuta lissafin har da kuɗin ƙusa. Ya yi shekara biyu da wata biyu a wajen, yana noman wake yana rubutu, daga baya a 1854 ya fitar da littafin da ya sa wa sunan tafkin. Kusan duk wanda zai yi maganar rubuce-rubucen Turawa kan daji da muhalli daga nan yake ɗaukowa.

Masu yi masa ba'a kuma suna da yawa, kuma suna da abun faɗa. Filin da ya gina ɗakin na abokinsa Ralph Waldo Emerson ne, kyauta aka bar masa ya zauna, gari bai kai mil biyu ba daga wajen, jirgin ƙasa yana wucewa ta gefen tafkin kullum, kuma yakan leƙa gida ya ci abinci. Sai a ce yo wannan wane irin zaman daji ne. Ni dai a ganina masu wannan maganar ba su karanta shi da kyau ba, don shi bai taɓa cewa ya guji mutane ba, a cikin littafin ma ya faɗa cewa kusan kullum ko bayan kwana biyu yana shiga gari ya ji labarai. Abun da ya kai shi can tambaya ce guda: nawa ne ainihin abun da mutum yake buƙata ya rayu? Ya kalli manoman garinsu da suka gaji gonaki da bashi, suna aiki ba dare ba rana don su biya, ya ce waɗannan gonar ce ta mallake su ba su ne suka mallaki gonar ba. A lissafinsa kuɗin kowane abu shi ne adadin rayuwarka da ka bayar kafin ka same shi. Kaga ke nan kafin a kai ga maganar kare itace ko dabba, shi ya fara da maganar cikin ɗan Adam da ba ya cika.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, mutumin ba mai zama ya yi ta begen furanni ba ne kawai, mai awo ne. Mutanen garin suna cewa wai tafkin ba shi da ƙarshe, sai ya bari sanyi ya daskarar da ruwan, ya huda ƙanƙarar ya zura igiya da dutse, ya samu ƙafa 102 a inda ya fi zurfi. Ya shekara da shekaru yana rubuta ranar da kowace ciyawa take fure a Concord, kuma wannan rubutun ne wani masanin tsirrai na Jami'ar Boston, Richard Primack, ya ɗauko ya gwada da na yanzu ya nuna cewa furannin sun koma fitowa da wuri saboda ɗumamar yanayi. Sannan Thoreau bai ɓoye cewa dajin nasa ba sabo ba ne. Ya ba da labarin baƙaƙen fata ƴantattun bayi da suka zauna a wajen kafin shi, har yana bin kufansu. Ya kuma ba da labarin leburori wajen ɗari da aka kawo a jirgin ƙasa suna yanka ƙanƙarar tafkin ana lodi, lokacin da ƙanƙarar yankin har Indiya ake kai ta a sayar. Wato tun 1847 kasuwar duniya ta riga ta iso bakin ɗakinsa.

John Muir shi kuma wani irin mutum ne daban, kuma a kansa rigimar ta fi zafi. Ɗan Skotland ne, an haife shi 1838, iyayensa suka yi hijira da shi Wisconsin yana yaro. Babansa mai tsananin addini ne, da bulala ya sa shi haddace Baibul. A 1867 yana aiki a wata masana'anta wani ƙarfe ya soke shi a ido, ya yi makonni a ɗaki mai duhu ana zaton ya makance, da idon ya buɗe sai ya ajiye aikin ya kama tafiya a ƙafa wajen mil dubu zuwa kudu, daga baya ya ƙare a duwatsun Kalifoniya. Abun da ya kawo sabo, kuma gaskiya babba ne, shi ne ya ƙi yarda cewa duk abun da ke duniya don amfanin mutum kaɗai aka yi shi. In aka tambaye shi meye amfanin maciji ko kada, amsarsa ita ce an yi su ne don kansu, ba sai sun yi maka wani amfani ba kafin su cancanci rayuwa. A zamanin da Amurkawa suke ƙarar da ɓaunar ƙasarsu da harbi, wannan magana ba ƙarama ba ce.

Shi ne ya yi ta rubutu har aka mai da Yosemite, wani yanki na duwatsun Kalifoniya, gandun ƙasa a 1890, ya kafa ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club a 1892, har shugaba Theodore Roosevelt ya je suka kwana a daji tare a 1903. Amma ya gamu da gamonsa, Gifford Pinchot, wanda ya zama shugaban farko na hukumar gandun dajin Amurka a 1905. Pinchot a Faransa ya koyi aikin daji, kuma shi a wajensa daji dukiya ce da za a ci da hankali, a sare a dasa, don mafi yawan jama'a su amfana na tsawon lokaci. Da farko abokai ne. Inda suka raba gari sosai shi ne kwarin Hetch Hetchy da ke cikin Yosemite. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, birnin San Faransisko ya dage sai an yi dam a kwarin don ya samu ruwan sha. Pinchot ya ce a yi, Muir ya ce wannan daidai yake da a mai da majami'a tankin ruwa. An kai shekaru ana fafatawa, a 1913 majalisa ta amince shugaba Wilson ya sa hannu, Muir ya rasu ƙarshen 1914, dam ɗin ya kammalu 1923, kuma har yau mutum sama da miliyan 2 daga nan suke shan ruwa.

In ka tsaya a nan sai ka ce ai Muir ne gwarzo, Pinchot ɗan kasuwa. To amma akwai sauran magana. Kwarin Yosemite da Muir ya gani ya ce hannun mutum bai taɓa shi ba, mutane ne suka gyara shi. Ƴan asalin wajen, Ahwahneechee, sun daɗe suna cinna wa kwarin wuta lokaci-lokaci don fili ya buɗe kuma itatuwan da suke dakan ƙwallonsu su yi gari su samu sarari. A 1851 wata rundunar Turawa ƴan sa-kai ta shiga ta kore su ta ƙone musu rumbuna, shekara 17 kacal kafin Muir ya iso. Da aka hana wutar sai wasu itatuwa suka fara cinye filayen nan masu kyau da ake zuwa kallo. Muir kuwa da ya haɗu da ragowar mutanen a hanya, rubuta su ya yi a matsayin ƙazamai da ba su dace da wajen ba, tumakin da shi kansa ya yi kiwo a 1869 kuma ya kira su fara mai kofato. A 2020 ita kanta Sierra Club ta fito ta amsa cewa wanda ya kafa ta ya yi kalaman wariyar launin fata.

Matsalar ba ta tsaya a halin mutum ɗaya ba, tana cikin tunanin kansa. In ka ce daji na ainihi shi ne wanda babu mutum a ciki, to ka mai da shi kamar jeren kwanukan ɗakin amarya, a zo a kalla a yaba a fita, ba a cin abinci a ciki. Kuma wanda yake da halin zuwa kallo ai mai kuɗin jirgi ne da hutu, wanda yake ci daga wajen kuma ya zama mai laifi. Dokar da Amurka ta yi a 1964 kan irin waɗannan dazuka ma haka ta fassara su, wajen da mutum baƙo ne mai wucewa. Wannan tsarin an yi ta kwafarsa zuwa wasu ƙasashe, a 1959 an fitar da makiyaya ƴan ƙabilar Masai da shanunsu daga dajin Serengeti da ke Tanzaniya ta yanzu don a bar wa namun daji. Masanin tarihi ɗan Indiya Ramachandra Guha ya caccaki wannan a 1989, William Cronon ma ya yi a 1995, shi hujjarsa ita ce in ka tsarkake can nesa to ka ba kanka lasisin ɓata nan inda kake zaune.

Wanda ni dai na fi ganin ya kusa kama bakin zaren shi ne Aldo Leopold, kuma abun mamaki daga ɓangaren Pinchot ya fito. Ya gama makarantar aikin daji ta Yale a 1909 aka tura shi Arizona, yana ɗan shekara 22. Wata rana suna cin abincin rana a kan dutse shi da abokan aiki sai suka hango wata dabba tana tsallaka rafi a ƙasa, sun zaci barewa ce, da ta fito ta girgije ruwa sai ga kyarkeciya, ƴaƴanta suka fito daga cikin ciyawa suna tsalle suna mata oyoyo. Ba wanda ya tsaya tunani, suka buɗe musu wuta. Ya gangara ya tarar da uwar ba ta ƙarasa ba, ya ce ya ga wata koriyar wuta tana mutuwa a idonta. A lokacin lissafinsa mai sauƙi ne, in babu kyarkeci bareyi za su yawaita, maharba su ji daɗi.

Masu ba da labarin nan suna son su nuna kamar nan take ya tuba. Ina! A 1920 ma yana kan kiran a kashe kyarkeci da zakin dutse na ƙarshe a New Mexico. Bai rubuta labarin kyarkeciyar ba sai 1944, shekara 35 bayan harbin, kuma wani tsohon ɗalibinsa ne Albert Hochbaum ya matsa masa cewa malam kana ta wa'azi kamar kai ba ka taɓa kuskure ba, ka faɗi naka. Abun da ya juya shi a hankali ido ne ya gani. A tudun Kaibab, arewa da Grand Canyon, an hana farautar barewa a 1906 aka kuma bi masu cin ta da bindiga da guba da tarko. Bareyi suka yi yawa suka cinye duk wani toho da ganye har iya inda bakinsu zai kai, wajen 1924 yunwa ta fara kashe su da yawa. (Alƙaluman da ake yawan kawowa kan wannan, wai daga 4,000 zuwa 100,000, wani masani Graeme Caughley ya nuna a 1970 cewa ƙiyasi ne mai rauni, kuma rage dabbobin kiwo da hana gobara ma suna da hannu, don haka a riƙe su da sassauci.) Leopold ya je Jamus a 1935 ya ga dazukan da aka jera itace iri ɗaya kamar sojoji, babu mafarauta cikin dabbobi, ƙasa ta gaji. Shekara ta zagayo ya je duwatsun arewacin Meziko inda kyarketai suke nan kuma gobara take ci lokacinta, ya ga ƙasa lafiya lau, ya ce ashe shi duk rayuwarsa marar lafiyar ƙasa yake gani yana zaton haka take.

Daga nan ya fitar da maganar nan tasa ta yin tunani irin na dutse. Barewar da kyarkeci ya cinye za a mayar da ita cikin shekara biyu ko uku, amma gangaren da bareyi suka cinye tsirransa yana iya ɗaukar shekaru gommai bai dawo ba, ƙasa ta zaizaye, rafi ya cike da laka. Maharbi yana lissafin bana, makiyayi yana lissafin garkensa, dutsen ne kaɗai ya daɗe da zai iya ganin abun gaba ɗaya. Kuma bai tsaya a takarda ba, a 1943 ya goyi bayan a harbe matan bareyi a Wisconsin don sun fi ƙarfin dajin, maharba da masu tausayin dabbobi suka haɗu suka yi masa ca, ya sha zagi har ya mutu.

Inda ya bambanta da Muir sosai shi ne wajen da ya zaɓa ya so. A 1935 ya sayi wata gona da aka noma har ta mutu, rairayi zalla, a bakin kogin Wisconsin kusa da Baraboo, ginin da ya rage a ciki akurkin kaji ne, shi suka share suka mai da ɗakin kwana shi da matarsa da ƴaƴansu biyar. Duk bazara su dasa itatuwa dubbai, fari ya kashe, su sake dasawa. A littafinsa A Sand County Almanac akwai inda suke yanka wani ƙaton itace da tsawa ta kashe don su yi makamashi, zarto yana shiga yana ratsa zoben shekara ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana faɗin abun da ya faru da ƙasar a kowace shekara, fari, gobara, shekarar da aka ƙarar da tsuntsu kaza, har suka kai tsakiya. Mutum ne da gatari a hannu da bindiga a kafaɗa, bai ce kar a sare ba, ya ce abun dubawa shi ne me kake tunani lokacin da kake zaɓar wanda za ka sare. Ya kuma ce haɗarin rashin gona shi ne mutum ya fara zaton abinci daga kanti yake fitowa.

Falsafar tasa a taƙaice ita ce a faɗaɗa da'irar waɗanda suke da haƙƙi a kanka. Ya kawo misalin tsohon labarin Girkawa inda maigida ya rataye kuyanginsa ba wanda ya ga laifinsa don dukiyarsa ce, ya ce to yau ƙasa tana wannan matsayin. Yana so mutum ya sauka daga matsayin wanda ya ci ƙasa da yaƙi ya koma ɗan gari kamar kowa, tare da ruwa da ƙasa da tsirrai da dabbobi, abu kuma ya zama daidai in yana kiyaye lafiya da ɗorewa da kyan wannan tarayyar. Bai ga littafin ba. Mako guda bayan an ce masa za a buga, a Afrilun 1948, zuciyarsa ta buga yana taya maƙwabci kashe gobarar ciyawa, littafin ya fito 1949.

Shi ma dai bai tsira ba. Tom Regan, mai rajin haƙƙin dabbobi, ya ce a 1983 wannan ai kama-karya ce da sunan muhalli, don in lafiyar tarayya ce gaba da komai kuma mutum ɗan gari ne kawai, me zai hana a rage mutane yadda aka rage bareyi? Masu kare Leopold suka ce shi ƙari ya yi a kan haƙƙoƙin da ke tsakanin mutane, bai soke su ba, kuma ina ganin haka ne, sai dai bai faɗi yadda za a yi ba in biyun suka yi karo. Masana kimiyya na baya kuma sun nuna daji ba shi da wani daidaito guda da yake komawa, kullum cikin canji yake, to ɗorewar wanne za a kiyaye. Nawa ƙorafin ya fi waɗannan sauƙi. Leopold farfesa ne mai albashi, gonar ta ƙarshen mako ce, in itatuwan sun mutu ba zai kwana da yunwa ba. Matar da take sare ɗanyen itace don ta dafa tuwo ba rashin falsafa ne ya dame ta ba.

A nan ne abun da ya faru a Maraɗi da Damagaram yake da abun cewa a gardamar. Tun zamanin Faransa doka ta mai da itatuwa irin su gawo kayan gwamnati, ko a gonarka yake in ka taɓa shi malamin daji ya ci ka tara, to wa zai bar abun da zai jawo masa tara ya girma a gonarsa, sai manoma suka dinga share toho tun yana ƙarami. Bayan yunwar 1984, da aikin irin su Tony Rinaudo ɗan Ostireliya da kuma sassaucin da aka samu wajen dokar, manoma suka koma barin kututture ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran, abun da ake kira sassaben zamani. Ƙiyasin masu bincike da hoton tauraron ɗan Adam ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya samu taki bai rasa rana ba, da rani kuma dabbobi su ci ƴaƴansa. Wajen da mutane suka fi cunkushewa nan itatuwa suka fi dawowa, wanda a lissafin Muir bai kamata ya yiwu ba. Leopold ya fi kusa, sai dai abun da ya motsa manoman nan ba wa'azin haƙƙin ƙasa ba ne, tabbacin cewa itacen nasu ne, kuma wannan ɓangaren Pinchot ma zai ce ai na faɗa.

Su can Amurka ba su gama ba. An mayar da kyarketai gandun ƙasa na Yellowstone a 1995, har aka yi ta yaɗa bidiyo wai sun canza hanyar koguna, masana da yawa suna cewa an zuzuta. A 2020 jihar Colorado ta kaɗa ƙuri'a kan a dawo da su, aka ci da ƙyar da kashi 51 bai cika ba, ƴan birni irin su Denver da Boulder suka ce e, yawancin ƙauyukan yamma inda za a sake su suka ce a'a. Disambar 2023 aka sako guda 10 da aka kamo daga Oregon, kafin watan Afrilu ya ƙare sun fara cin maruƙa. Jihar tana biyan diyya har dala 15,000 kan dabba ɗaya, makiyayan kuma suna cewa kafin ka tabbatar wa jami'i cewa kyarkeci ne ya ci, diloli da hankaki sun gama da gawar.